Garmahon Gado

Kwana huɗu Babayo yana fama da wayoyin garmahon a ɗakinsa na unguwar Gabukka. Garmaho ne na faifai, da amfilifaya mai ƙara sauti, da manyan sifiku biyu na katako. Duk inda ya cusa waya, ba abin da ke fita sai gurnani kamar na injin markaɗe.

Da ya gaji, ya ɗauki hotonsu ya sa a WhatsApp. Ya rubuta: na sayarwa, gadon mahaifi.

Washegari da hantsi wani dattijo ya yi sallama. Ya ce sunansa Malam Bamanga, daga unguwar Federal Low-Cost, tsohon ma'aikaci mai son tsofaffin kaya. Mutum biyu da suka rako shi suka tsaya a bakin ƙofa suna duba wayoyinsu.

"Baba, gaskiya ba ya magana," in ji Babayo. "Tun rasuwar tsohona ba a kunna shi ba."

"Allah ya jiƙansa," in ji dattijon, ya naɗe hannun riga.

Bai ko leƙa bayan amfilifayar ba. Da lalube ya zare wayoyin daga inda Babayo ya cusa su, ya mayar da ja gurbinta, fara gurbinta. Ya ciro wata siririyar waya daga aljihu, ya ɗaura ta tsakanin garmahon da wata ƙaramar ƙusa. Gurnanin ya ɗauke. Sifikar hagu ta ƙi tashi. Ya ɗan karkata kan wayarta, ya tokare da tsinken ashana, ta tashi.

Sannan ya zaro faifai daga jakarsa, ya hure shi, ya sauke allura. Kiɗan garaya ya cika ɗakin, tas.

Babayo ya ji farashin da zai faɗa ya ninku a ransa.

"Baba, ai ku ne masu abin. Kamar an yi shi don ku."

Dattijon ya saurari waƙar har ƙarshe, ya ɗaga allurar, ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya nannaɗe su. Sai ya yafito mutanen da ke ƙofa. Ɗaya ya tsaya kusa da Babayo, ɗaya ya sunkuya kan sifiku.

"Sajan, ɗauki ta hagun a hankali," in ji Malam Bamanga. "Yaron nan ya riga ya buga ta da tagar falona ranar da ya fita da ita."