Cin Ɓera a Jikin Jita

Dillalin ya juya jitar, ya shafa gefenta da babban yatsa, sai ya yamutsa fuska.

"Baba, ai ɓera ya ci wannan."

Tsohon ya dubi tabon. Tun da ruwan damina ya kayar masa da soro a Mandawari yake jido jitocinsa ɗaya bayan ɗaya zuwa rumfar nan ta Kasuwar Kurmi. Duk wadda ya miƙa, ranar abinci ba ya ciwuwa. Wannan ce ta rage, magina kuwa sun ce sai sun ga siminti za su dawo.

"Katakon mai kyau ne, wallahi," in ji dillalin. "Tabon nan ne ya ɓata ta. Kada ka damu, yanzu zan gyara."

Ya jawo sanfefa, takardar goge katako, daga ƙarƙashin benci.

Tsohon ya buɗe baki zai yi magana. Ta ina zai fara? 'Yarsa tilo kurma aka haife ta. Idan ya zauna kiɗa da yamma, sai ta zo ta kafa haƙoranta a gefen jitar, ta lumshe ido, amon yana ratsa ƙashinta. Ta nan kaɗai ta taɓa jin ubanta. Tana ƙarama ƙyanda ta ɗauke ta, ko hotonta babu.

Dillalin ya goge tas, ya hure garin katakon, ya ɗaga jitar yana murmushi.

"Ka gani, Baba? Kamar ba a taɓa yi ba."