Shari'arta ta Farko

"Ina lauyan wanda ake ƙara?" in ji alƙali. Kotu ta yi tsit, sai da manomin da ake neman ƙwace wa gona ya raɗa wa lauyarsa, "Hajiya, ke fa ake kira."

Ta miƙe zumbur, ga shekara hamsin, ga sabuwar baƙar rigar lauya. Amma tana buɗe baki hujjoji suka zo tiryan-tiryan. Kafin azahar gona ta tabbata ta manomi.

Alƙali ya cire tabarau yana murmushi. "Shekara ashirin kina buga mini hukunci a teburin can, kina gyara kurakuraina a ɓoye. Gara da kika fara yi a fili."

Dariya ta ƙwace mata har da ƙwalla. "Ashe ka sani, ranka ya daɗe!"