Wanda Zai Juya Mini Kai

"Ɗakin makaranta zan kama, Inna, ni kaɗai," na ce, ina ɗaure akwati.

Sabuwar gwamnati ta ba ni bursi, wato tallafin karatu, zuwa Dakar. Zaɓi biyu gare ni: ɗaki a gidan ɗalibai, ko gidan haya tare da wani ɗan garin Barmu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare a Tawa.

Ina da farfaɗiya. Tun ina yaro Inna ke ɓoye ta, ko likitan da ya auna mu don bursin bai sani ba. In ɗan Barmu ya gani, labari zai iso gida, bursi ya tafi.

"In ta kayar da kai ƙofa kulle, wa za shi juya maka kai?" in ji Inna.

"Ba kowa. Ki ƙyale ni!"

Washegari na neme ta na rasa. Aka ce ta nufi masaukin ɗan Barmu. Na ruga can.

A zaure na same su. Inna, wadda ko dariya ba ta yi gaban baƙo, tana kwance a ƙasa, kallabi ya faɗi, tana karkarwa da shure-shure da gangan. Ban taɓa ganin yadda nake yi ba sai ranar.

Ɗan Barmu na durƙushe, hannunsa ƙarƙashin kanta.

"A'a, ɗana, gefe za ka juya shi," ta ce masa. "Sake. Ba ka iya ba tukuna."