Kwalaben da Injiniya Ya Haɗa

Ko me kuka ce in dafa in rantse zan dafa, kuma na san duk da haka ba za ku yarda ba. Dattawa uku masu furfura suka zauna a falo suna lumshe ido a gaban akwatin da ko tari ba ya yi.

Gwarzon labarin ana ce masa Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan bayan ya bar makarantar koyon sana'a a aji biyu, saboda malaman ba su da sauran abin koya wa mai ƙwaƙwalwa irin tasa. Tun daga nan yake zaune a ɗakin baƙi na gidan yayarsa, yana ci yana kwanciya, yana gyara abin da bai lalace ba.

Mijin yayar ya daɗe yana son ɗakinsa. Kullum ƙorafi, wai yaron nan maƙaryaci ne. Ita kuwa Yaya amsarta ɗaya ce: "Auta ba ya ƙarya. Ranar da aka kama shi da ita a gaban mutane, ni da hannuna zan haɗa masa kayansa."

Ana nan sai ga Yaya ta shigo da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a hammata, irin mai kwalaben gilashi a kai waɗanda ke yin ja idan sun yi zafi. Ta ce maigida ya samo, yana so a haɗa ta da rasibar sinimar falo, wato babbar na'urar da ke rarraba sauti zuwa sifikoki. Maigida ya ce a kira mai gyara.

"Mai gyara? Ga Injiniya a gida?" in ji Yaya. "Auta, ai ka iya ko?"

"Ido rufe, Yaya."

Ya tsuguna bayan kabad. Bayan rasibar nan ramuka ne jere kamar saƙar zuma, ja da fari da baƙi, kowanne da rubutun da ba a yi shi don a karanta ba. Ya taɓa jin cewa akwai ramin da sauti ke fita ya shiga amfilifaya, daga nan ya wuce sifika. Wanne ne, oho. In kuma ya kuskure, hayaƙi zai tona masa asiri.

Nan basira ta yi aiki. Ya cusa wayoyi a bayan amfilifayar, ya ɗaure ɗaya bakin nasu a ƙafar kabad inda ido ba ya kaiwa. Sifikoki ya bar su a jikin rasiba yadda ya same su, ya ɗan murɗa ƙarar ganga sama. Ya jona amfilifayar da wutar bango. Kwalabe suka yi ja kamar garwashi.

Maigida ya saurari waƙa ɗaya, ya dubi matarsa, ya ce wannan abu bai kamata mutum ya ji shi kaɗai ba. Washegari da yamma ya gayyato aminansa biyu, mai kantin magani da wani malamin makaranta mai ritaya. Yaya ta kawo shayi ta zauna, abin da ba ta saba yi ba in da baƙi.

Ku zo ku ga wauta da tabarau. Mai magani ya dafe ƙirji ya ce sautin yana da ɗumi kamar bargo. Malam ya ce shi har numfashin mawaƙin yake ji, ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa. Injiniya ya ce a ransa, ji tsoho yana kuka saboda fitila.

"Ɗana," in ji Malam yana share ido, "yanzu duk wannan daɗin daga cikin kwalaben nan yake fitowa?"

"Daga cikinsu, Baba. Ba kowane kunne ke ganewa ba."

"Kai ka haɗa? Ka tabbata?"

"Wallahi tallahi. Sai da na buɗe cikinta ma na gyara waya biyu."

Maigida ya miƙe. Bai kashe waƙar ba. Ya zare amfilifayar daga bango, ya kifa ta a kan tebur, ya kwance murfin ƙasa. Waƙa ta ci gaba da tashi abinta. Ban da 'yar wayar da ke hasa kwalaben, cikin akwatin wayam yake, an yashe shi tas. Dariyar da dattawan ke dannewa tun shigowarsu ta ɓalle, mai magani har da zamewa daga kujera.

Injiniya ya juya wajen mai cetonsa. "Yaya, kin ga makircin mijinki ko? Tarko ya ɗana mini!"

Ta kurɓi shayinta, ta nuna masa jakarsa a bakin ƙofa, a ɗaure tsaf.

"Shi ina ya ga wannan dabarar? Ni na sayo ta, Auta, ni na sa aka kwashe cikinta."