Telan da Ya Tsallakar da 'Yarsa Aji

Zauna, Hansatu, ki ajiye jakar nan. Na ji abin da ya kawo ki. Kina so in sa hannu ɗanki Jabiru ya bar aji huɗu ya wuce sakandare, tunda shi ke zuwa na ɗaya, kuma 'ya'yan maƙwabta duk haka aka yi musu. Ni na koya miki baƙi da wasali a makarantar nan, shekara talatin da biyu ke nan ina riƙe da alli, saboda haka ba zan yi miki kara ba. Amma bari in ba ki wani misali tukuna.

An yi wani tela a cikin birni, mai hannu ƙwarai, wanda Allah ya ba shi 'ya mai kaifin ƙwaƙwalwa. Abin da malami ya faɗa da safe, da yamma za ta maimaita shi har da tarin da ya yi a tsakani. Ƙa'idar karatu kuwa kin san ta: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, a zana jarrabawar fita, sannan a nemi jami'a. Tela ya duba ya ga shekara goma sha biyu sun yi masa yawa. A ganinsa aji biyar da aji shida don yara marasa kai aka yi su. Ya cire ta daga aji huɗu, ya kai ta wata makarantar kuɗi da ba ta da yawan tambaya, aka karɓe ta. Da ta kai aji biyu na babbar sakandare ma bai iya jira ba, ya sa aka yi mata rajistar jarrabawar fita tare da 'yan ajin ƙarshe. Duk wanda ya zo gwajin riga sai ya sha labari, wai 'yarsa za ta gama jami'a sa'o'inta suna nan suna wanke farar safa.

Sakamako ya fito. Ta ci Turanci, ta ci darussan kimiyya, ta faɗi lissafi. Ita kuwa jami'a ba ruwanta da ƙuruciyar mutum. Kiredit biyar take nema, kuma dole Turanci da lissafi su kasance a ciki. Yarinya ta samu maki mai kyau a jarrabawar shiga jami'a, to amma makin nan na shekara ɗaya ne, in bai yi aiki ba sai a sake zama. Tela ya ce kuskure ne aka yi wajen duba takarda. Shekara ta zagayo, ta sake faɗuwa, ya ce bakin mutane ne. A ta uku ya canja mata makaranta, abin bai canja zani ba. Yarinyar da a da ba a jin muryar kowa sai tata ta daina zuwa biki, don gudun masu tambayar "har yanzu dai?" Wallahi ita nake tausayi a labarin nan, don ba ita ta zaɓi hanyar ba.

Ana gab da sallah, wata mata ta kawo yadi bakwai da rabi a ɗinka wa 'ya'yanta uku. Tela yana kan keke, aiki ya sha masa kai, sai ya ce da 'yarsa ta duba nawa kowane yaro zai samu. Ta nemi takarda da biro. Ta rubuta, ta soke, ta sake rubutawa, har hawaye ya fara ɗiga a kan takardar. Shi da bai taɓa zama a aji ba ya ninka yadin gida uku, ya ɗora tef, biyu da rabi. Sai ya tsayar da keken ya zuba mata ido. A ranar ya gane cewa duk shekarun nan hadda ce take fisshe ta. In tambaya ta zo da irin kayan da ta saba gani ta amsa, in ta sake riga shi ke nan. Raba lamba mai rabi da kwata kuwa a aji biyar da shida ake zaunar wa yaro da shi, kuma duk lissafin sakandare a kansa yake tsaye.

Bai sake zargin kowa ba. Ya samo wani malamin firamare, 'yar tasa, budurwa mai shekara goma sha takwas, ta zauna a tabarma da littafin 'yan aji biyar, shekara guda cur ba ta zana komai ba. Da ta koma, ta ci lissafin sarai, ta samu jami'a. Sai dai ranar da ta je rajista, waɗanda ta bari a aji huɗu sun riga ta da shekara ɗaya. Uku uban ya tsallakar da ita, huɗu ta yi a zaune.

Jabiru yana da kai, ban musa ba, kuma ina da yaƙinin zai je inda kike so har ya wuce, in kika bar shi ya taka kowace matakala. Takardar nan dai ba zan sa mata hannu ba, ko da za ki yi fushi da ni har baɗi. Ki kawo mini shi aji biyar ranar Litinin. Hausawa ba a banza suka ce sauri ya haifi nawa ba.