Tanti a Bakin Tafkin Dukan

Shwan na kafa tantinsa a bakin tafkin Dukan, dab da na dangin Hevin, yarinyar da yake so, sai ga yayanta Karwan.

"Duk faɗin tafkin nan ka rasa wuri sai nan?"

"Yaya Karwan, nan ne da inuwa."

Karwan ya fizge turken ƙarfe ya kwaɗa masa a goshi. Jini ya rufe masa ido. Ya ɗaga zai ƙara, Hevin ta sheƙo ta riƙe ƙarfen.

"Saki, ko in haɗa da ke!"

"Haɗa mana!" Ta dubi Shwan. "Ka ce yau za ka nemi aurena. Ga Baba can yana kallo."

Shwan ya miƙe, bai goge jinin ba, ya nufi tsohon.