Jita a Kwalin Kifi

Duk wanda ya tambaye ni inda ake samun jita ta hannu a Maiduguri, sai in tuna rumfar wani mai gyaran rediyo a Dala. Can Baba ya kai ni wata rana bayan la'asar, da ya gaji da nacina.

Baba banda yake sayarwa a kasuwar kifi, bai taɓa riƙe jita ba. Da mai rumfar ya sauko da guda biyu, ko tsirkiya bai taɓa ba. Sai ya girgiza kowacce a kunnensa, ya kafa hanci a ramin ya shinshina, yadda yake duba kifi.

"Wannan ba ƙwaro a cikinta," in ji shi. "Ɗauka, ɗana."

Wuyanta a karkace yake, na gani sarai, amma na ɗauka. Ya naɗe ta a kwalin kifi don kada maƙwabta su sa shi a baki, ya saɓa a kafaɗa, ya kama hannuna.

Sautinta bai taɓa daidaita ba, ƙarnin kuma bai taɓa fita ba. Har yau, in na ɗauki jita a shago, hancina nake fara kaiwa.